Ɗan Aiken Gwaggo

A gidanmu na Gwandu ba a gudu. Kakanmu malami ne, babanmu ma malami, kuma tafiyar malamai muka gada: a ɗaga ƙafa kamar ana tausayin ƙasa, a ajiye ta kamar ana neman gafararta. Ko ruwan sama ya kama Baba a hanyar masallaci ba ya ƙara sauri, sai dai ruwan ya gaji ya ɗauke. Saboda haka da yayana ya dawo gida da farin takalmin kambas, ya ce zai shiga gudun fanfalakin da ya ji ana shelarsa a rediyo, Inna ta ɗauka wata sabuwar jarrabawa ce, ta sa masa albarka. Sai da aka yi mata bayani cewa mutane ne da hankalinsu za su taru a wani birni mai nisa su yi gudun mil ashirin da shida, ba wuta, ba kura, ba ɓarawo, sannan ta nemi a dawo mata da albarkarta.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha ba, kowa yana jin zai zama wani abu. Ni na gama makarantar 'yan mata ina jiran sakamako, ba ni da aiki sai kallon gajimare ta saman katanga da rubuta baitocin da ba mai karantawa. Sai aka ba ni muƙami: mai dafa ruwan gishirin da zakaran gidanmu zai tsoma ƙafafunsa. A bakin wannan baho na ji rabin labarin nan, sauran rabin da idona na gani.

Su uku suka fara. Akwai Yaya, malamin firamare. Akwai abokinsa malamin gona, wanda yake aiki a Kalgo, yake zuwa Gwandu a babur duk ƙarshen mako. Na ukun malamin asibiti ne mai ɗan tumbi, ya shigo don lafiyar jiki, ya fita a mako na biyu bayan ya gano, a likitance, cewa barcin bayan asuba ma lafiya ne.

Malamin gona shi ne mai ilimin abin. Ya ce ƙafa kamar shuka take, nisa kuma kamar takin zamani: kowane mako a ƙara mata kaɗan a kan na makon jiya, in an zuba da yawa lokaci guda ta ƙone. Da agogon baburinsa suke auna hanya, agogon da yake suma duk lokacin da babur ya faɗa rami, shi ya sa mil ɗin Gwandu ya fi na ko'ina a duniya tsawo. Babbar dokarsa kuwa ita ce ta ranar Asabar, ranar dogon gudu: ba tsayawa. Ko me ya faru, ba tsayawa.

Baba bai hana ba. Abu ɗaya ya ce, a rufe gwiwa. Telan unguwarmu ya ɗinka wa Yaya dogon wando, ya yi masa aiki a bakin ƙafa da zare mai ruwan zinariya, don shi wando ba ya fita shagonsa tsirara.

Wanda ya ƙirƙiro dokar ba tsayawa bai san gidanmu ba. Ɗan gidan malam ba ya wuce babba a tsaye, balle a guje. Sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tambayi kwana da gajiya da iyali da ruwa, a tambaye shi malam da jikin malam da baƙin malam. Takalmin mutanenmu silifa ne da fade, shura ɗaya sun fita. Kambas kuwa igiya gare shi. Sai Yaya ya sunkuya ya kwance, ya gaisa, ya zauna ya ɗaure, ya yi 'yan taku, ga wani tsoho ya ɓullo daga gona da fartanya a kafaɗa. Malamin gona, wanda ba ɗan garin ba ne, yakan tsaya gefe yana tsalle a wuri ɗaya don kada jikinsa ya huce, tsofaffi suna tambayar Yaya a hankali ko an nema wa abokin nasa magani.

Abin da lissafin taki bai hango ba shi ne, duk mil ɗin da aka ƙara, dangi ake ƙarawa. Da suka miƙa ta hanyar Masama suka faɗa hannun Kawu. Suka sauya zuwa hanyar Kambaza, nan kuwa Gwaggo take.

Gwaggo yayar Baba ce, kuma ita ta yaye Yaya. Gidanta a bakin hanya yake, tana da tabarma a gindin dogon yaro inda take zama tun safe, ba ta sayar da komai, hanya kawai take kula da ita. Ranar da ta fara hango shi a guje sai ta miƙe ta ɗora hannu a ka ta fara salati.

"Wa ya mutu? Hwaɗa min, ƙanena na?"

"Ba kowa, Gwaggo, kowa lafiya."

"To mi ya koro ka?"

"Motsa jiki ne."

"Jikin mi ya yi maka?"

Da ta tabbata ba mutuwa, ba kora, sai ta yanke hukuncin cewa yunwa ce. Aka kawo ƙwaryar fura da nonon Fulanin bayan gari, mai kauri, ludayi yana tsayawa a ciki. Ba a rage furar Gwaggo. Haka 'yan gudun nan biyu suka dawo Gwandu da hantsi suna tafiyar malamai, hannu a kan ciki. Asabar ta gaba ma haka, ta gabanta ma haka. Cikin wata guda Yaya ya yi kumatu, har Inna ta fara cewa ashe abin nan da amfaninsa.

Malamin gona ya kawo shawara a koma Kalgo, inda ba wanda ya san Yaya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya goya shi a babur suka tafi. Asabar ta farko Yaya ya dawo yana ba ni labari kamar wanda ya je Aljanna ya leƙo: hanyar Dangoma shimfiɗe, shinkafa kore shar a fadama, balbelu suna tashi, ba wanda ya ce masa ko sannu. Na ji daɗin balbelun, har na sa su a baiti. Asabar ta biyu wani dattijo a bakin Dangoma ya tare hanya da sandarsa, ya ƙura masa ido.

"Wanga hanci na san shi. Kai ba jikan malam na Gwandu ba ne?"

Ashe a zauren kakanmu ya yi karatu yana saurayi. Aka yanka zakara. Aka aika bakin gulbi aka kawo kifi. Aka kira wasu dattawan su zo su ga hancin. Ranar a babur aka maido Yaya, yana barci a bayan abokinsa.

Saura 'yan makonni a yi tseren, kuma ɗan gudunmu bai taɓa yin dogon gudu ko ɗaya ba tare da an ciyar da shi a tsakiya ba. Malamin gona ya ce abin ya isa. Ranar Asabar za su bi hanyar Kambaza, Yaya ya kafa idonsa a ƙeyar abokinsa, kada ya dubi dama, kada ya dubi hagu.

Damina ta yi nisa lokacin, gero ya fid da kai. Gwaggo ta riga ta sa an dama fura, ta rufe ta da faifai, ta zauna a tabarmarta. Ta hango su, ta gyara mayafi, har ta buɗe baki. Yaya ya wuce. Daga baya ya rantse mini cewa ya ɗaga mata hannu. Ɗaga hannu! Kamar direban mota da ɗan kamasho.

Ranar ya yi nisan da bai taɓa yi ba. Suka zarce gaba da Kambaza, suka zagayo ta wata hanya, ya shigo gida fuskarsa tana haske. A zaure ya tarar da Baba zaune. Labari ya riga shi isowa, a bakin wani mai itace, a kan jakin da bai taɓa motsa jiki don tsere ba.

"An ce ka wuce yayata," in ji Baba.

"Baba, doka ce."

"Dokar wa?"

"Ta gudu."

"To ga tawa. Ba ka shiga motar birnin nan sai ta amsa gaisuwarka da bakinta." Ya juyo wajena, ina tsaye da butar ruwan zafi. "Ke za ki koma can ki zauna da ita, ki zama shaida. Ke dai ba ki iya ƙarya ba sai a cikin waƙa."

Washegari muka tafi Kambaza a akori-kura, Yaya cikin babbar riga da hula da silifa, kamar mai zuwa neman aure. Gwaggo ta karɓe ni hannu biyu. Ta tambaye ni kwana, ta tambayi Inna, ta tambayi Baba, ta tambayi kajin gidanmu. Yaya ya durƙusa a gefen tabarma ya ce, "Gwaggo, ina kwana." Ta dubi saman dogon yaro kamar wani tsuntsu ne ya yi kuka.

"Ɗiyata, kin ji wani abu?"

"Yaya ne yake gaishe ki, Gwaggo."

"Wane Yaya? Ni ɗan da na yaye ya mutu jiya da sahe, mota ta bi ta nan da shi. Mota mai wando da aikin zinariya."

Ta ci gaba da ba ni labari, ni kaɗai, yadda aka kawo mata shi yana tsala ihu yana neman nono, yadda ya yi mata zawo a zanen Sallah, yadda ƙyanda ta kama shi ta goya shi a ƙasa har Gwandu. "Kuma duk wanda munka gamu da shi sai da na gaishe shi. Da ɗa a baya, da zazzaɓi a jikinshi. Amma ni ban yi makaranta ba."

Yaya yana durƙushe. Mutumin da ya yi gudun da ya girgiza ƙasar Gwandu jiya, ga cinyoyinsa suna rawa a gaban tsohuwa. Sai da rana ta taɓa gefen tabarma Gwaggo ta ɗauki faifan da ta rufe furar jiya da shi, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu.

"Hwaɗa ma wanga bawan Allah, tunda an ba shi ƙahwa an hana shi hankali, ƙahwar za mu mora. Faifan ga na ƙawata ne ta Masama. Ran Asabar shi zo shi kai mata. Kuma kada shi tsaya min a hanya, na san halinshi da kwaɗayin hura."

Ran Asabar ya zo da kambas ɗinsa, ya kwance igiya, ya gaishe ta, ta dubi saman dogon yaro, ya ɗaure, ya ɗauki faifai. Abin da ya faru a hanya shi ya ba ni labari da yamma yana dariya har da hawaye. Tsoho na farko da ya gamu da shi ya tsaya yana jiran a durƙusa masa. Yaya ya ɗaga faifai sama ya ce, "Baba, a gafarce ni, Gwaggo ta aike ni!" Tsohon ya yi tsalle ya ba shi hanya.

"Ta Kambaza? Hanzarta, ɗana, hanzarta, kada ka ja muna!"

Ashe ƙofar a buɗe take tun farko. Ba a tsayar da ɗan aike. Wanda babba ya aika ba nasa ba ne ƙafafun, kuma duk wanda ya riƙe shi da surutu shi zai amsa tambaya. Namiji kuwa ba ya yawo da faifan mata don ra'ayin kansa, kowa ya gani ya san akwai tsohuwa a bayan maganar. Ƙasar nan kaf ba wanda yake son Gwaggo ta tambaye shi komai. Kawu da kansa, da ya hango faifai, daga zaure ya ɗaga murya ya ce a wuce, a wuce, ya yafe gaisuwar. Malamin gona ya nemi a ba shi abin riƙewa shi ma, Gwaggo ta ba shi ludayi.

Daga nan aike bai yanke ba. A kai wa wance daddawa. A karɓo irin kuɓewa wajen wance. A je wata ruga can bayan gari a tambayo ko saniyar nan ta haihu. Aka dawo aka ce ta haihu, ta ce a koma a tambayo mace ko namiji. Kullum Yaya ya durƙusa kafin ya tashi, ya durƙusa in ya dawo, kullum Gwaggo tana duban dogon yaro. Saƙo ta bakina yake bi, ko da yake tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Kumatun suka zube. Wandon zinariya ya koɗe. Malamin gona ya auna hanyoyin da baburinsa ya ce abin mamaki, nisan yana ƙaruwa daidai yadda ilimi ya tanada, wato ilimin nasa.

Ni da nake kwana a ɗakinta na ga abin da shaida ba ta shafa ba. Ran Asabar tun kafin gari ya waye take leƙa hanya ta saman zana, in ta ji motsina ta ce akuya take dubawa. Da yamma tana tsinke zogale takan tambaye ni kamar ba da gangan ba.

"Wanga gudu nasu na birni, ina tsawonshi?"

Na kwatanta mata da garuruwan da ta sani. Ta ajiye zogalen.

"Kuma ba wanda ya aike su?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"Allah shi kyauta." Ta watsa wa kaji kara. "Wa gare ni da ta fi rugar nan nisa?"

Haka ta riƙa tono ƙawaye da 'yan uwan da gwiwarta ta raba ta da su shekara da shekaru. Wata ma an ɗauka ta rasu, Yaya ya same ta da ranta tana sussukar gero, ta aiko da kuka da gaisuwa da zagi. Gwaggo ta sa na maimaita mata zagin sau biyu, tana murmushi.

Amma gaisuwa ba ta amsa ba. Duk ranar kasuwa Baba yakan aiko a tambaye ni, ni kuma in aika da gaskiya, tunda ba a waƙa aka tambaye ni ba.

Ana jibi motar za ta tashi Yaya ya zo da yamma, a kan keke, ba kambas. Kafin ya isa wajen Gwaggo ya tsaya da ni a bayan rumbu. Ya ce ya wanke takalman ya shanya, in ba ta amsa ba zai ba malamin asibiti, ko ba komai za su huta. Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Kin san me? Tun da aka haife ni, ni jikan malam ne, ɗan malam, malam. In na yi nisa a hanya, numfashina kawai nake ji. Ba na son a karɓe mini wannan." Ban taɓa jin ya yi magana irin ta baitocina ba.

Ya tuɓe silifa ya durƙusa. "Gwaggo, ina wuni."

Iska ta kaɗa dogon yaro, 'ya'yansa rawaya suka zubo a tabarma. Wannan karon ba sama ta duba ba, ƙafafunsa ta duba. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, ɗayan ya fita gaba ɗaya, dugadugai duk sun yi kanta. Ta daɗe tana kallonsu, kamar tana neman ƙafafun da ta taɓa wankewa a cikin kasko.

"Lahiya lau," ta ce. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Gwaggo," in ji Yaya. Ni kuma, saboda riƙon amana, na ce, "Gwaggo, in shaida wa Baba kin amsa?"

"Ke kuma kurma ce?" Ta juya gare shi, kai tsaye, ba ta bakina ba. "Birnin ga da za ka, an ce suna da allura mai kyau, mai babban ido, wadda tsohuwa ka iya zura ma zare. Guda za ka sawo min. Kuma kada ka tsaya a hanya."

Ban je birnin ba, a bakin baho aka ba ni labari. Mutane kamar ranar Idi, kowa da gajeren wando, sai ɗan gidanmu da aikin zinariya a idon sawu. Malamin gona ya tashi da ƙarfi, ya zuba takinsa duka a farkon hanya, kafin rabi aka ɗauke shi a motar masu tsince waɗanda suka gaza, yana yi wa direba bayanin inda kuskuren yake. Yaya ya ci gaba. Ya ce can da nisa, lokacin da ƙafafunsa suka zama na wani, ya hango wani tsoho a bakin titi zaune a kan buzu, tsohon ya ɗago masa hannu. Gwiwoyinsa suka fara lanƙwashewa da kansu, hannunsa ya nufi igiyar takalmi. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Baba, a gafarce ni, Gwaggo ta aike ni!" Tsohon, wanda bai san Gwaggo ba, bai san Kambaza ba, ya ce, "To hanzarta, ɗana."

Yaya ya isa lokacin da ake naɗe rumfa, manyan baƙi sun daɗe da tafiya cin abinci. Wani ma'aikaci ya ajiye kujerar da yake ɗauke da ita ya tafa masa. Duk tsawon hanyar Yaya bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Da ya dawo, kafin ya shiga gida ya wuce Kambaza, yana taka ƙasa a hankali kamar kakanmu. Ya durƙusa da ƙyar, ya gaishe ta, ta amsa, ya ciro allura daga cikin hularsa. Gwaggo ta ɗaga ta a rana, ta rufe ido ɗaya, ta miƙo mini in zura zare.

"Allura guda, kwana uku," ta ce. "Da na sani da mai jakin nan na aika."

Sannan ta jawo ƙwaryar fura ta ɗage faifai, ta tura masa gabansa.